Ranar da Na Yi Gemu a Gaban Dattawan Zongo

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da Baba ya tsayar da ni gaban 'yan ƙungiyarsa ba. Ƙungiyar masu motocin dakon kaya ce ta Zongo, shi ne shugabanta, ni kuwa ina shekara ta uku a jami'ar Abomey-Calavi, ina jin kaina kamar wadda ta gama sanin duniya.

A lokacin ne wani babban kamfani ya fito da sabuwar manhajar shiga intanet, abin da muke cewa nabigatar. Ko'ina ka juya tallarta ake yi, har a bayan rigar 'yan zemijan, masu haya da babur. Kamfanin nan dama shi ke riƙe da akwatin saƙonmu, shi ke nuna wa direbobi hanya, shi muke tambaya duk abin da ya shige mana duhu. Yanzu kuma ga ƙofar shiga ma ya karɓe. Wani malaminmu ya yi mana lacca a kan haka, na dawo gida raina a jagule, na yi ta zuba a kan tabarmar cin abinci har tuwona ya huce.

Baba ya saurare ni yana shafa gemunsa. (Gemun Baba abin kallo ne a Zongo. Baba ya haura sittin amma gemun baƙi wuluk, kuma kullum cewa yake gadon gidansu ne.) Sai ya ce, "Uwata, wannan magana ta fi ƙarfin tabarmar nan. Ranar Lahadi ki zo ki faɗa wa mutanena."

Na san abin da wannan ke nufi a wurinsa. Shekaru ana yi masa tsiya cewa ya kai 'ya jami'a ta dawo tana rubuta wa teku waƙa. Yana so su gani da idonsu cewa karatun bai tashi a banza ba. Na yi kwana huɗu ina shiri. Na shirya hotuna goma sha biyu, na rubuta gabatarwa mai daɗi wadda na kwatanta kamfanin da lagon Ladji, wato tafkin unguwar, a damina, ruwan da ke shiga ɗaki a hankali ba sallama.

Akwai abu ɗaya da ban yi tunaninsa ba. A gidanmu duk wanda ya sayi waya, ni ake kawo wa in buɗe. Ni kuwa ragguwa ce wajen riƙe lambobin sirri, saboda haka adireshina ɗaya nake sa wa kowa. Wayar Baba, wayar Goggo Hajara ƙanwarsa, wayoyin 'yan'uwana mata biyu, duk da sunana suke yawo. Ba gidanmu kaɗai ba ne, rabin Zongo haka ake yi. Mai karatun gida shi ne mai adireshin gida.

Aka taru bayan la'asar a wani ajin makarantar unguwa. Dattawa kusan arba'in a kan bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa teburi, har da wasu fatake masu shanu da suka zo rakiya. Mata suna baya, Goggo a tsakiyarsu da gyalenta mai ruwan goro. Nuhu mai gyaran kwamfuta a unguwar Vêdoko ne ya kawo na'urar haska bango da kwamfutarsa. (Zan yi magana a kan Nuhu nan gaba. Da so samu ne, da ban yi ba.)

Al'adar ƙungiyar ce duk takardar da aka kawo da Faransanci, Malam Isiyaku ne ke mayar da ita Hausa saboda tsofaffi. Tsohon akawu ne, mutum mai amana, ba ya tsallake ko waƙafi. Na same shi na durƙusa na ce, "Baba Malam, duk abin da ya fito a bango ka karanta musu, ni zan yi bayani." Ya ce, "An gama, 'yata."

Sai na laluba jaka, babu ɗan makullin kwamfuta, wato filas, da na adana hotunan a ciki. Na baro shi a Calavi. Na ce ba komai, ai na aika wa kaina kwafi. Na zauna gaban kwamfutar Nuhu, ashe sabuwar nabigatar ɗin ce a kai. Na sa adireshina. Wata doguwar tambaya ta fito, na danna "oui", wato "e", ban karanta ba. Hoto na bakwai a laccata, don ku sani, takensa shi ne kada a danna "oui" sai an karanta.

Intanet ɗin na jan ƙafa, wuta kuma ta ɗauke, Nuhu ya fita tayar da janareto. Don kada mutane su gaji na miƙe, na juya wa bango baya, na fara gabatarwata. Ina da wata ɗabi'a, idan magana ta yi mini daɗi sai in lumshe ido. Ina cikin ruwan Ladji, idona a rufe, ban san wuta ta dawo ba, sai na ji muryar Malam Isiyaku.

"An rubuta: barka da dawowa. Ga abubuwan da kika nema kwanan nan. Na ɗaya, me ya sa kallon teku yake sa mutum hawaye."

Aka ɗan yi murmushi. Na juya. Ga sunana a saman bango, harafi kowanne kamar tafin hannu, ga jeri a ƙarƙashi. Na tafi da sauri na kama linzamin kwamfutar, ya ƙi motsi.

"Na biyu, maganin minshari ga mace."

Na ji Goggo ta gyara zama.

"Na uku," Malam Isiyaku ya matsa kusa, ya gyara tabarau, "rinin gemu baƙi wanda ruwan alwala ba ya wankewa."

Wani direba mai suna Ɗanjuma, abokin wasan Baba tun ƙuruciya, ya ce a hankali, "Ikon Allah. Wa ke da gemu a gidan shugaba?" Kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya. Na kalli Baba. Hannunsa da ke kan gemun ya sauko sannu a hankali ya kwanta a cinya. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba, kuma ni na jawo masa, a gaban mutanen da ya tara don su yi alfahari da ni.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ni ce. Duk abin da ke bangon nan nawa ne. Bincike nake yi."

Ɗanjuma ya ce, "Gemu gare ki, 'yar Alhaji?"

Na ce, "Ina shirin gaba ne, Kawu."

Dariyar da aka yi ta ɗauke idanu daga kan Baba, na ɗan samu numfashi. Amma Malam Isiyaku an ba shi aiki, kuma bai ji an ce ya tsaya ba. Daidai lokacin da Nuhu ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya ci gaba.

"Na huɗu, yadda za ki gane ko mai gyaran kwamfuta yana sonki ko kuwa haka yake da kowa."

Da a ce minti ɗaya kafin nan aka karanta wannan, da ina da 'yan'uwa biyu da zan ɗora wa. Amma da bakina na ce duk nawa ne, shaidu arba'in. Nuhu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tsumman hannunsa kamar an rubuta wani abu a jiki. Ni kuma na zaɓi wata tsaga a siminti na zuba mata ido, ina fatan ta ƙara faɗi.

Goggo ce ta cece ni. Ta taso daga baya ba gaggawa, ta cire gyalenta ta lulluɓe idon na'urar. Bango ya koma ruwan goro. Ta ce, "Malam, ya isa haka, Allah ya biya." (Daga baya na ga na biyar da na shida. Ba don ni kaɗai ta taso ba.)

Wani tsohon bafatake ya ɗaga sandarsa ya ce, "Yarinya, wato duk abin da mutum ya raɗa wa wayarsa, wancan kamfani yana riƙe da shi?" Na ce e. Ya ce, "To na gane. Ba sai kin ƙara komai ba." Hotunana goma sha biyu ko ɗaya ba a gani ba, amma kafin magariba mutum tara sun tsare Nuhu a tsakar makaranta, kowa na so a buɗe masa adireshin kansa.

Muka kamo hanyar gida ni da Baba har muka kai lungunmu. Can ya tsaya, ya miƙo mini wayarsa ba tare da ya kalle ni ba. Ya ce, "Gobe ki cire sunanki a nan. Allah ya yi miki albarka, Uwata." Muka ɗan taka, sai ya ƙara, "Kuma in kin tashi sayen rinin naki, kada ki sayi mai jan kwali. Zuba yake yi." Da muka iso ƙofa ya sake tsayawa. "Shi wannan mai gyaran, ɗan gidan wa ne?"

Na ce ban sani ba. Ya ce ba komai, shi zai bincika, kuma ba a waya ba.

Har yau ina nan a kan bakana, bai kamata kamfani ɗaya ya riƙe asirin kowa ba. Sai dai yanzu idan na tashi faɗa, nakan fara da cewa na san yadda abin yake daga ciki, domin na taɓa riƙe na gida guda, kuma cikin minti biyar na zubar da shi a bango. Kawu Ɗanjuma kuwa duk inda ya gan ni sai ya shafa haɓarsa ya tambaye ni ko ya fara fitowa.