A Kan Tambayar da Ake Yi wa Mahaifina a Ƙofar Hanyar Kekuna

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Lallausan Tafarki, masu kula da hanyar kekuna da jin daɗin baƙi,
Ta hannun duk wanda ke buɗe wasiƙu a ofishinku, in akwai shi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da bai taɓa hawa keke don dole ba, ina fatan kana lafiya, iyali lafiya, kujerar ofis ma lafiya. Ni mai faci ne. Rumfata na jikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, daidai inda hanyarku ta fara. Ban yi nisa a makaranta ba, a tsofaffin jaridun da muke naɗe burodi na ƙarasa karatuna, don haka in ka ga maiƙo a maganata ka yi haƙuri.

Zan fara da yabo, kamar yadda aka koya mini. Tsohon layin dogon da ya tashi daga ƙauyenmu, ya ratsa gonaki, ya haye gadar ƙarfe, ya shiga tsohon gari ta ƙofar dutse, kun cire ƙarafunansa, kun shimfiɗa kwalta sumul, kun hana mota da babur. Yanzu baƙi na zuwa daga nesa da hulunan kwano da matsattsun wanduna, su yi ta taka keke har su jiƙe sharkaf, suna ɗaukar hoton shanu. A da mun ɗauka wannan wahala ce. Mun gode da kuka wayar mana da kai.

Mahaifina mai burodi ne. Inna ke kwaɓi, shi ke gashi a tanderun bayan gida. Da safe ya ɗaura akwatin katako a bayan baƙin kekensa, ya bi gefen layin dogo yana sauke wa gidajen gona da masu shayi har cikin tsohon gari. Tun jirgi na wucewa yake wannan, tun kafin ni in san hanyar duniya. Ga ƙorafe-ƙorafena a kansa, cikin ladabi.

Na ɗaya. Allon da kuka kafa a ƙofa ya ce hanyar ta masu hawa don shaƙatawa ce kawai, duk abin hawan da ya fito aiki cunkoso ne, ya nemi babban titi. Kuka ajiye mai gadi yana tambayar kowa: aiki ko shaƙatawa? Ta haka na gano cewa mahaifina cunkoso ne. Na zauna da shi shekara da shekaru ban lura ba. Ranka ya daɗe, dattijo ɗaya a kan keke ɗaya, ƙararrawarsa ma ta daina kuka tun ina yaro, wa ya cunkushe? Jiya na ga baƙi sun fi ashirin sun tsaya cak a tsakiyar gada suna kallon agwagwa, babu mai wucewa gaba ko baya. Su natsuwa ce.

Na biyu, kuma a nan nake so ka gyara zama. Wataƙila za ka ce ai abu ne mai sauƙi, ya ce shaƙatawa ya wuce abinsa. Haka duk ƙauye ke yi. Mai ƙwai shaƙatawa take yi da kiret uku. Mai gyaran famfo shaƙatawa yake yi da bututu a kafaɗa. Amma ba ka san Baba ba. Mutum ne da in ka tambaye shi ya kwana, ka shirya jin yadda bayansa ya kwana. Ya ce shi bai taɓa shaƙatawa ba, kuma ba da furfura zai fara ƙarya a kan abin da bai ma san kamarsa ba.

Mai gadin da kuka ɗauka kuwa Kawu Dogo ne, ƙanin Inna uwa ɗaya uba ɗaya. Babu dabarar da bawan Allahn nan bai yi ba. Ya yi tambayar yana ƙifta ido. Ya haɗiye kalmar aiki, ya ce "Yaya, shaƙatawa ko?" yana gyaɗa kai tun kafin a amsa. Baba ya ce masa aiki, ya kuma shawarce shi ya nemi maganin ido. Wata rana Kawu ya hango shi tafe, ya shige ɗakin gadi ya tura ƙofa, ya bar sandar tare hanya a ɗage. Baba ya jingine keke ya yi ta sallama har Kawu ya fito, ya tuna masa cewa ya manta tambaya, kuma don tambayar ake ba shi albashi. Kawu ya yi tambayar idonsa a kan kyamarar da kuka liƙa a saman ƙofa. Baba ya amsa, ya juya kekensa. Har yau Kawu na zuwa gidanmu cin abinci da yamma, Inna na zuba masa ba tare da ta dube shi ba, kuma na lura nama ya daina faɗawa kwanonsa. Shin a tsarinku na kawo zaman lafiya a karkara an yi lissafin wannan?

Na uku. Babban titin da allonku ya tura shi, ban sani ba ko ka taɓa ganinsa ba ta gilashin mota ba. Ba shi da gefe. Manyan motocin tsakuwa da siminti ke bin sa, wasunsu ma kayan otal ɗin da kuke ginawa baƙi suke kaiwa. Makon jiya madubin wata tirela ya tsinke murfin akwatin Baba, ya watsar da burodi a kwalta, shi kuma ya tsinci kansa a kwata da gwiwar hannu a saɓule. Wani mijin zai ce wa matarsa santsi ne ya kwashe shi. Inna ta tambayi Baba, ya gaya mata komai, har ya gwada mata da tafin hannu iya tazarar da ke tsakanin tayar motar da ƙafarsa. Tun ranar, in ya fita, a bakin ƙofa take tsayawa da fulawa a hannu har sai ta hango shi. Kun yi alkawari a takardar tallarku cewa a hanyarku babu ƙara, babu hayaƙi, babu fargaba. Gaskiya ne. An kwaso su duka an kawo gidanmu.

Na huɗu. Tunda na ambaci takardar talla, ina taya ku murna da hoton bangonta. Dattijo ne a kan baƙin keke, an ɗauke shi ta baya, rana na fitowa, gada a gabansa, an rubuta a ƙasa: ku zo ku ga rayuwa kamar yadda take a da. Na gane facin tayar baya, ni na yi shi. Baƙi na shigowa rumfata su nuna mini hoton, su ce ina za su ga wannan tsoho? Sai in nuna musu inda ƙarar tireloli ke fitowa. Ban manta ba kuma, wata ma'aikaciyarku mai fara'a ta zo ta yi masa tayin ya riƙa zuwa ƙofar dutse yana tsayawa da keken da akwati babu komai a ciki, baƙi na hoto da shi. Ya tambaye ta, wannan aiki ne ko shaƙatawa? Ta ce aiki ne mana, Baba, har da riga za a ba ka. Ya ce to ai ba za a bar shi ya wuce ba. Ta yi dariya, ta jira shi ma ya yi. Ta daɗe tana jira.

Na biyar gajere ne. Na ce masa ya bar mini keken, ni zan kai burodin, harshena ba shi da irin wannan lalura tasa, zan iya cewa shaƙatawa sau goma kafin Kawu ya rufe baki. Ya ce burodin da ƙarya ta ɗauko gara ya zuba wa kaji. Sai dai ina da tambaya. Akwai baƙon da kullum yake zama a bencin bakin kogi, kwamfuta a cinya, yana yi wa yaran ofishinsa faɗa a waya har tsuntsaye su watse. Shi wa ya tambaye shi?

Na shida shi ne ya sa na ɗauki biro. Ranar hutun da ta wuce, Inna ta ce wa Baba tunda kowa na shaƙatawar nan bai mutu ba, shi ma ya je ya gwada, ko ya san abin da yake ƙi. Ya cire akwati ya hau. Ranka ya daɗe, mutumin da ya shekara talatin da ɗoriya da kaya a baya bai iya keke marar nauyi ba. Tun kafin ya kai ƙofa ya yi ta tangaɗi kamar ɗan koyo, ya ƙare a cikin shingen maƙwabci. Ya dawo ya ɗaura akwati, ya cika shi da burodi don keken ya zauna daidai. A ƙofa Kawu ya yi tambaya a sanyaye. Baƙi suka fara taruwa a bayan Baba, sai ya ce in dai ba sayarwa zai yi ba, ai ba aiki ba ne. Ya ce shaƙatawa. Kawu ya ɗaga sanda.

Ya bi gidajen gona ɗaya bayan ɗaya, ya shiga tsohon gari, ya raba burodin tas, kyauta. Mai shayin bakin kasuwa ya miƙo kuɗi, ya ƙi. Washegari mutumin ya aiko da su gida, Baba ya mayar, ya ce in ya karɓa to jiya ta koma aiki ke nan, ya yi wa Dogo ƙarya a gaban kyamara. Ranar hutun kuwa ya dawo babu ƙura a gashin ido, har ya ce wa Inna ashe akwai kifi a ƙarƙashin gadar nan, shi bai taɓa leƙawa ba.

To ga inda kuka kawo mu. Mahaifina yana da hanya biyu yanzu. A ɗaya ana biyansa, tirela na shafar gwiwarsa. A ɗayar babu abin da zai taɓa shi, kuma babu abin da zai kawo. Kullum da safe shi da Inna sai su tsaya a kan buhun fulawa, su leƙa ciki, su dubi juna. In ya dawo da aljihu a cike, ta san inda ya bi, ba ta cin abinci. In ya dawo hannu wofi, har waƙa take yi tana wanke kwanon kwaɓi. Abin da nake samu a faci ba ya riƙe gida, don tayoyin baƙinku, Allah ya ƙara musu albarka, ba sa fashewa.

Ba na roƙon ku buɗe wa mota. Ba na roƙon ku taɓa agwagwa ko masu kallonta. Allonku yana da fili a ƙasa, tsakanin hoton kare da hoton kwandon shara, wanda zai ɗauki kalma huɗu: mai burodi ya wuce. Fenti ina da shi, tsani ma akwai. Izini kawai nake jira, don in na rubuta babu izini, Baba ne zai fara kai ƙarata.

In kwamitinku zai zauna a kai, ina roƙon ya ɗan yi sauri. Yau da safe kwano ya taɓa gindin buhu. Inna ta ji ƙarar, ni ma na ji. Ta ɗaure masa akwatin da hannunta, ta ja igiya ta ƙulle, ta ce masa, "Malam, je ka shaƙata."

Ina nan durƙushe ina jiran amsarka mai daraja, a duk lokacin da hutu ya ba ka dama.

Naka mai biyayya matuƙar biyayya,
Mai faci na tsohuwar tasha,
Babban ɗan Cunkoso.