Rasuwar Hajiya Ƙwarya, Mai Taya Biyu

Da zuciya mai cike da kewa, Malama Zahida Dabo, mazauniyar Riyad, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Hajiya Ƙwarya, ƙaramin ɗakin nan mai taya biyu da ake ja da mota zuwa daji, wanda mutanen nan ke kira karafan. Rai ya yi halinsa ranar Talata, lokacin da wani Malam Ghali ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa bangonta, ya ce ya saya.

Mahaifin Zahida, Alhaji Dabo, shi ya raɗa mata suna saboda rashin nauyinta, a shekarun da yake aiki a ofishin jakadancin Najeriya. Marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Ba ta taɓa roƙon wutar kowa ba. Farantin sola da ke kanta ya sha rana, ita kuma ta ba da haske. Ruwanta a cikinta yake. Ta kwana da iyalin a sanyin da ke sa yatsu su ƙage, ta yini da su a zafin da ko ƙadangare ba ya fita. Ba ta da yawan magana. In an buɗe ƙofarta ta ce "ƙiii", in iska ta taso rumfarta ta ce "faf-faf", shi ke nan.

A inuwarta ne kaɗai aka taɓa jin Zahida tana hira da baƙi. Yarinyar da ke sunkuyar da kai in ta haɗu da maƙwabta a bene, sai ga ta a kan yashi tana karɓar dabino daga hannun matan zangon kusa, har tana dariya.

Ciwon ajali ya fara ne da aikin Alhaji ya ƙare, iyali suka koma Abuja, Zahida ta tsaya saboda nata aikin. An bar mata mota da makullai, amma ba wanda ya tuna cewa ba ta iya ja da baya da Ƙwarya a ɗaure ba. Kullum Alhaji ke yi, ita tana tsaye a waje tana nuna masa da hannu. Sau ɗaya ta fita da Ƙwarya ita kaɗai. Ta isa wurin da suka saba sauka, ga iyalai sun shimfiɗa darduma, ga gurbi ɗaya da sai da baya ake shigarsa. Ta murza hagu, Ƙwarya ta yi dama. Ta sake, yara suka taru suna kallo. Wani dattijo ya miƙe zai taimaka. Kunya ta sa ta ɗaga masa hannu kamar mai wucewa, ta yi babban zagaye ta kamo hanyar gari. Tun daga ranar marigayiya ba ta sake taka yashi ba. Ta zauna a ƙofar gida tana shan ƙura har tayoyinta suka tsattsage, Kamil mai gadi kuma kullum yana kawo gaisuwar mai gidan da Zahida ke haya tare da tambayar yaushe za a ɗauke ta.

Ta rasu ta bar buta ɗaya, da barguna huɗu, da wata kyanwa da ke kwana a ƙarƙashinta wadda har yanzu ba a gaya mata ba, da kuma Zahida.

Za a ɗauki gawa ranar Juma'a bayan la'asar. Malam Ghali zai zo da motarsa da 'ya'yansa, waɗanda tuni suka fara faɗa kan wa zai kwana kusa da taga. Daga nan za a yi zaman makoki a gurbin da ta bari. Zahida za ta sauko da shayi da kujeru. Ba ta san wa za ta gayyata da suna ba, shi ya sa ta rubuta wannan. Wanda ya zo ba sai ya nemi abin faɗa ba, ita ma ba ta iya ba. Ya dai zo ya zauna.