Sirrin da Na Raɗa wa Lasifika

Ko da zan manta hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da walimar Anti Rabi a Kibiya ba. Amma kafin mu isa Kibiya sai na fara kai ku Zangarma, domin daga can aka ƙulla mini abin.

Zangarma ƙasa ce da ni na ƙirƙiro ta a bayan littafina na lissafi (shi ya sa lissafin bai samu wurin zama ba, a littafin da a kaina). A can babu makanike, babu sifana. Idan inji ya ƙi tashi, to fushi ya yi, sai a kira mai Lallashi. Mai Lallashi zai cire takalmi, ya durƙusa ya gaida injin kamar yadda ake gaida kaka. Sannan ya nemo kunnensa, domin kowane inji yana da kunne, wato wurin nan mai 'yan huji-huji. Daga nan sai ya raɗa masa sirri guda wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba. Sirrin nan shi ne man injin. Ƙarami zai juya fanka. Matsakaici zai ja mota tafiyar Rano zuwa Kano. Jirgin sama kuwa sai wanda ya aikata abin da ko matashin kansa bai sani ba. In ka yi ƙarya, injin ya mutu har abada. Shi ya sa a Zangarma mutanen kirki a ƙafa suke yawo, ɓarayin kaji su ne manyan direbobi.

Kullum lokacin tara ina ba 'yan ajinmu labarin, suna ba ni gyaɗa. Wata rana kuma injin markaɗen unguwarmu ya ƙi tashi, na durƙusa da wasa na ce masa ina kwana, mai injin ya ja igiya, sai ga shi ya kama. Shi ke nan suna ya bi ni: Uwar Injuna. Ni kuma ban musa ba. Har tafiyata ta canza.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kafin in gano maganar sirri, dokar Zangarma ta farko cewa ta yi inji man gyaɗa yake sha ta kunne. Na kuma gwada dokar a kan rediyon Babanmu. Rediyon nan kuwa, in da ana yi wa kaya suna, da Baba ya yanka mata rago. Har riga aka ɗinka mata. Da ita yake jin yadda ake ciki game da shari'a da zaɓe, ya fita majalisa ya fi kowa bayani. Cokali biyu kacal na ba ta. Ta yi tari, ta yi wani ɗan kuka kamar 'yar tsako, ta yi shiru. Mai gyara ya buɗe ya ce, "Alhaji, mai ne a ciki." To kowa a gidanmu ya san Yaya Nasiru in ana ƙwallo: rediyo a hannu ɗaya, ƙosai a ɗayan. Bai gama rantsuwar cewa ba shi ba ne Baba ya kulle kekensa a ɗaki. Wata biyu bawan Allah yana zuwa makaranta a ƙafa, ni kuma ina yi masa sannu da murya mai taushi (Allah ya yafe mini, har ruwa nake kawo masa).

Ana cikin haka bikin Anti Rabi, ƙanwar Innarmu, ya zo. Lokacin an daina kiɗa a yawancin gidaje, walima ake yi, a kira malama ta yi wa mata wa'azi. Bayan la'asar tsakar gida ta cika da mata, an shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. An hayo lasifika: akwatin yana kan tebur a gaban Malama Hajara, an ɗaure ƙahon a saman darbejiyar ƙofar gida, inda maza suke zaune, har da Baba da Yaya Nasiru. Wayar kuma ta bi ta kan katanga zuwa batirin mota a waje, wurin mai lasifikar.

Malama ta yi sallama, ta fara, "'Yan uwana mata…" sai ɗif. Ta bubbuga makirufo, ta hura, ta ce, "Ana ji na?" Ko kaza ba ta ji ta ba. Uwar amarya ta shiga zarya, tana aikawa waje a gaya wa mai lasifika.

Nan fa Jummai, 'yar kawuna ta Kibiya, wadda tun safe take jin haushin yadda yara suka kewaye ni, ta ɗaga murya.

"Wai me ake damuwa? Ga Uwar Injuna daga Rano! An ce ke ko jirgi ya gan ki sai ya rusuna. Ko kuwa injinan Kibiya ba sa jin Hausarki?"

"Ke Jummai, wannan ai ƙaramin aiki ne," na ce. Bakina ne ya faɗa, ni ban aike shi ba.

"To bismillah mana."

Yara suka ɗauka, "Uwar Injuna! Uwar Injuna!" Na dubi Inna, tana can wajen tukwane ba ta san me ake ba. Lissafina shi ne: mai lasifika yana can yana gyara, ko na yi ko ban yi ba abin zai dawo, in ya dawo kuma ni ce. Na miƙe, na cire takalmi, na durƙusa a gaban tebur.

"Ina wuni, Baba Akwati. An wuni lafiya? Ya gajiyar hanya?"

Mata suka fashe da dariya. Malama Hajara ta sauke tabarau ta ce, "'Yar nan, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau, Malama. Kunnensa nake nema."

Ba sai na wahala ba. Duk duniya babu abin da ya kai kan makirufo huji-huji. Na karɓe shi hannu bibbiyu, na rufe da gyalena, na raɗa: "Ni ce nake lasar madarar Inna." Shiru. Na ƙara: "Ban yi wanka jiya ba, ƙafa kawai na wanke." Shiru. Jummai ta riƙe ƙugu ta ce, "A kawo miki kujera ne? Ko mu aika Rano a taho da sauran maganin?"

A nan ne hankalina ya tafi yawo. Ni na ƙirƙiri dokar nan da hannuna, da biro mai yoyo, amma a wannan lokacin wallahi na yarda da ita. Na ce a raina, injin da ke tara gari guda ai ba zai tashi da madara ba. Babban inji, babban sirri. Na ja numfashi, na manna bakina da makirufo.

Abin da ban sani ba shi ne, a daidai lokacin mai lasifika ya gano kan batirin ne ya kwance, ya ɗaure shi tam.

"NI CE NA ZUBA WA REDIYON BABA MAN GYAƊA! COKALI BIYU! BA YAYA NASIRU BA NE!"

Muryata ce, amma ta zama ta ƙaton namiji. Ta fito daga saman darbejiya, ta bugi katangar maƙwabta, ta dawo ta sake faɗa mini. Tattabaru suka tashi. Na tabbata masu sayar da tumatir a kasuwa sun ji, mai yiwuwa har mutanen garin Rurum.

Sai daga waje muka ji wani ihu: "Allahu Akbar! Baba ka ji ko? Kekena! A ba ni kekena!"

Dariyar da aka yi, wata tsohuwa har sai da aka ba ta ruwa. Amarya da aka ce ta sunkuyar da kai tana kuka, kafaɗunta rawa suke yi a cikin mayafi. Jummai ta kwanta a tabarma tana dukan ƙasa. Ni kuwa ina durƙushe, ba takalmi, makirufo a hannu, ina roƙon ƙasa ta taimaka ta buɗe.

Malama Hajara ta karɓi abinta a hankali, ta ce, yanzu kuma kowa na ji har waje, "Alhamdulillahi. Dama wa'azin yau a kan faɗin gaskiya ne, ga shi an yi mini rabi. Sai dai 'yata, gobe in za ki durƙusa, ki durƙusa wa mahaifinki. Akwati ba ya yafiya."

A motar komawa Rano, Yaya Nasiru ne kawai yake ta murmushi kamar shi aka ɗaura wa aure. Sai da muka shiga gida Baba ya zauna, ya miƙa masa makullin ɗakin da keken yake, sannan ya dube ni.

"Uwar Injuna."

"Na'am, Baba."

"Tunda kin kashe mini rediyo, daga gobe ke ce rediyon."

Haka kuwa aka yi. Kullum da safe sai in tafi gidan Malam Sule maƙwabcinmu, in zauna wajen matarsa in saurari labarai kaf a rediyonsu, in dawo in tsaya a gaban Baba in karanto masa: wane ya sauya jam'iyya, wane ya ce bai sauya ba, taki ya iso ko bai iso ba. In na yi tuntuɓe sai Yaya Nasiru ya miƙo hannu ya murɗa mini kunne, ya ce, "Baba, tashar ce ba ta kama sosai." Baba kuma ya kau da kai, gemunsa na rawa.

Har yanzu ina rubuta labarin Zangarma, 'yan ajinmu ma sun ƙaru. Sai dai na ƙara doka guda, na ja mata layi biyu da jan biro. Na ɓata shekara ina neman kunnen injuna, ban taɓa tambayar ina bakinsu yake ba. Saboda haka duk mai Lallashi, kafin ya durƙusa, ya fita waje tukuna ya duba saman bishiya, ya kuma duba wanda ke zaune a ƙarƙashinta.