Ranar da na shanya fatu a kan rufi

Shekara goma sha tara ina aiki a wani kamfanin jimar fatu a Challawa, har na zama shugaban masu shanya. Ranar da injin busarwa ya tsaya, manaja ya ce a rataye fatun awakin a inuwa su sha iska. Na yi tsaki a raina. Ga rana kyauta, a ce inuwa? Yana juya baya na sa aka hau da su kan rufin kwano.

Bitrus, abokin aikina, ya ce, "Malam, rana za ta cinye su fa."

Na ce, "Ina jima tun kana rarrafe. Riƙe tsani."

Bayan la'asar na ɗauko ɗaya, na lanƙwasa, ta ce ƙaras ta rabe biyu. Duk haka suke, babu sauran danshi a jikinsu.

Manaja bai ko ɗaga murya ba, ya dai miƙa mini tsintsiya, ya ba Bitrus kujerata.

Har yau in na fito titi a Panshekara, sai wani ya ƙwala mini kira: "Mai kilishi, yau akwai na akuya?"