Fankar Abu Yasir da Ciwon Kan Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ja mata biyar muka hau saman bene don mu titsiye bawan Allah. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

A unguwar Rusaifa ta Makka muke haya, ni da Innata, a wani gida mai hawa huɗu. Saura wata biyu aikin Hajji sai Inna ta fara cewa wani abu yana yi mata gurnani a ka, ba ya tsayawa. Barci ya gagara, ciwon kai kullum, tsohuwa ta rame. Hankalina ya tashi matuƙa, don ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, zuwa asibiti kuwa sai an yi dogon tunani. Babban tsorona kada ya zama ciwo ne a ƙwaƙwalwa.

Ana cikin haka wata ƙawata ta turo mini bidiyo. Wasu Turawa ne ke kuka da manyan fankokin nan da iska ke juyawa su ba da lantarki, wai ƙararsu na hana barci, tana sa ciwon kai. Ban ma kalla har ƙarshe ba (ashe a ƙarshen akwai mai cewa maganar ba ta tabbata ba), na miƙe na ce, "Inna, na gano!"

Abin da na gano shi ne maƙwabcinmu Abu Yasir, Bahaushe haifaffen Makka, mai gyaran lantarki. Shi ya kafa 'yar fanka a saman bene don ta riƙa cajin batirin fitilar ɗakin tattabarunsa. Fikafikanta ba su fi tsawon hannuna ba, amma a ganina ita da na Turawa duk dangi ɗaya ne.

Na bi ƙofa-ƙofa ina nuna bidiyo. Kafin kwana uku gida ya kamu. Maman Habiba ta ce lallai ita ma tun da aka kafa abin nan kanta ke sarawa. Wata ta ce gwiwa. Wata ma cewa ta yi mijinta ya koma faɗa ba dalili (mutumin da tun zuwanmu gidan muke jin muryarsa). Ni kuwa sai gyaɗa kai nake kamar likita.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka hau. Muka tarar da shi yana watsa wa tattabaru hatsi. Na gyara mayafi, na yi jawabin da na kwana biyu ina haddacewa, har da cewa in wani abu ya sami Inna, Allah na kallo.

Ya bari na gama tsaf. Sannan ya ce, "Ya ukti, 'yar'uwa, salamat ga Hajja, Allah ya ba ta lafiya. Amma ki ɗaga kai ki gani."

Na ɗaga. Fankar a ɗaure take tam da igiya, ƙura ta rufe ta.

"Tun kafin Ramadan na ɗaure ta," in ji shi. "Ta buge mini tattabara guda, na ce kalas, shi ke nan."

Maman Habiba ta saki kan da take dafe da shi. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na ce ai ƙarar tana nan, kowa ya zo ya ji. Ya ce, "Yalla, mu je."

Muka sauko a jere, shi a gaba yana dafa bango yana saurare, mata biyar a bayana. Ya wuce hawa na uku. Ya tsaya a na biyu, a ƙofata. Aka yi sallama aka shiga. Ya kara kunne a bangon da gadon Inna yake jingine, sannan ya zagaya ta baya, cikin kicin.

Tsohuwar firiza ce. Tawa. Na saye ta na hannu don in daskarar da zoɓo da kunun aya da zan sayar wa alhazai a Arfa, kuma don kada ta tare hanya na danna ta jikin bango sosai. Injinta na karkarwa, bango na ɗauka, yana kai wa Inna har cikin matashi. Ni da nake kwana a falo ban taɓa ji ba.

Ya zare filogi. Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya, "Kai! Alhamdulillahi, ya tsaya! Wa ya kashe fankar?"

Wata dai ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Abu Yasir ya ja firizar daga bango, ya yanko tsohuwar taya ya sa a ƙarƙashinta. Na ba shi haƙuri ya fi sau goma, shi kuwa sai "mafi mushkila" yake cewa, wato ba komai, abin da ya ƙara mini kunya.

Amma wallahi kunyar ba ta kai daɗin da na ji ba. Washegari Inna ta yi barcin hantsi har da minshari, na zauna a bakin gado ina kallonta ina hawaye. Ba ƙwaƙwalwa, ba asibiti. Cikin mako guda ta koma cin abinci da yi mini faɗa.

Ciwon matan gidanmu ma ya warke rana ɗaya, ban da mai mijin faɗa. Ni dai yanzu in wani abu ya dame ni, sai na zare duk filogin ɗakina kafin in taka matakala zuwa wurin maƙwabci.