Rasuwar Rautar Gidan Mutaru a Ranar Suna

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, kishi kuma ya ƙarasa ta, ni Mutaru Kassim, mai sayar da doya a Salaga, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar rautar gidana, wato na'urar wayifai mai ƙaho biyu, wadda ta cika ranar Lahadi da hantsi bayan shekara uku a saman firij.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta da surutu, sai ɗan "zzz" idan ta yi zafi, da ƙifta koren idonta. Ta dalilinta nake jin farashin doya a Kpandai tun kafin in hau mota, ta dalilinta matata Kausara ke ganin fuskar yayanta da ke Bawku. Aibinta ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye shi don ta mutu ba: ba ta san mai ita ba. Duk wanda ya zo, maraba take yi da shi.

Da farko na ɗauka ni ake so. Kullum bayan la'asar ƙofar gidana a cike take, har wasu da kujerunsu suke zuwa. Ina raba goro, ina ba da labarin Kumasi, ana gyaɗa mini kai. Sai daga baya na lura kawunan nan kan waya suke a sunkuye. Ranar da na tarar da maƙwabcina Ayyub tela yana kallon ƙwallo tas babu tsayawa, ni kuwa mai gida hoton doya guda ya ƙi buɗewa a wayata, abin ya tsaya mini a wuya. Kishi ne, ba na jin kunyar faɗa. Ni na sayo ta, ni nake goge mata ƙura, amma Ayyub take yi wa fara'a.

Sai na kulle ta da kalmar sirri. A makon ne Allah ya sauki Kausara lafiya, muka sami 'ya mace. Na nemi abin da babu wanda ya sani a unguwa, na ga babu kamar sunan jaririya, tunda ba a faɗarsa sai ranar suna. Na sa Munawara. Na kuma fita na cika baki cewa mabuɗin sunan 'yata ne, wanda ya isa ya canka. Suka gwada Ayishetu, suka gwada Taslima, suka haƙura suka watse. Kwana biyar tana tawa ni kaɗai. Ƙofar gida ta koma wurin barcin awaki, na ce ba komai.

Na manta kwana bakwai yana tafe. Ranar suna da sassafe dangi daga Yendi da Bawku suka cika rumfa, liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗauki lasifika ya maimaita shi sau uku, har 'yan bakin kasuwa suka ji. Ba a gama shafa fatiha ba na ga hannuwa suna shiga aljihu. Marigayiya ta karɓi wayoyin duka, kamar yadda ta saba. Ta yi zafi, idon ya koma ja, kafin a gama rabon wainar masa, rai ya yi halinsa. Mai gyara ya ce wuta ce ta yi mata yawa. Ni dai na san abin da na gani.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da wayoyi huɗu na gida, da marayu wajen sittin waɗanda ban taɓa sanin da su ba. Marayun nan ko kwana uku ba su yi suna jimami ba. Ayyub ya sayo mai ƙaho huɗu, ya bar ta a buɗe, yanzu su ne ma suke kai masa goro. Ya aiko a gaya mini in ina da buƙata, tasa tana kaiwa har ɗakina. Na duba, tana kaiwa. Da ita na tura wannan sanarwa, Allah ya yafe mini.

Za a mayar da marigayiya cikin kwalinta ranar Juma'a bayan la'asar, a kai ta makwancinta a ƙarƙashin gado. Za a karɓi gaisuwa a bayan katangar gidana ta gefen gabas, inda na zagaya da waya na tabbatar wayifan Ayyub ba ya kaiwa. Akwai koko mai zafi. Duk wanda ya zo nan, na san wurina ya zo. Tabarma ɗaya na tanada, Kausara ta ce ta yi yawa.