Yadda Ake Sa Wa Banɗaki Wuta Mai Tsaro Har A Daina Wanka A Ciki

Bi matakan nan, na yi maka alkawari wuta ba za ta taɓa jan kowa a banɗakinka ba. Na gwada a gidana da ke Adidogome, nan Lome, kuma har yau ko kyankyaso bai ji rauni a ciki ba. Injiniya ne ni. A Jamus na yi karatu, takardar tana rataye a falo inda mai shigowa zai fara gani.

1. Tafi nesa, ka daɗe

Ba a koyon wannan aiki a gida. Je ka ƙasar da ake wanka a tsaye, shiru, cikin akwatin gilashi, ruwa na saukowa daga sama yana bin hanyar da aka zana masa. Zauna can har ka manta yadda aka yi maka naka wankan. In ka dawo ƙannenka suka daina ce maka Fo Elom, wato Yaya Elom, suka koma Fo Bature, to ka nuna, sai a sauke.

2. Raba ɗakin shiyya-shiyya

An koya mana banɗaki kashi uku ne: inda ruwa ke taruwa, inda yake fantsama, da inda ba ya zuwa. Auna da tef, ja layi da alli.

Kowace fitilar kirki tana da lamba biyu a kwalinta. Ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Girman ta biyun, girman juriyarta. A saman shawa sa mai babbar lamba, rufaffiya ruf da zoben roba. A gefen madubi mai ƙarama ta isa, tunda can ne shiyyar da ruwa ba ya zuwa.

Kada ka tsaya tambayar ko ruwan ya san da layin. Mai ilimi ba ya shawara da bokiti.

3. Toshe taga

Taga ƙofar sauro ce da idon maƙwabta. Toshe ta, ka sa fanka mai zuƙe tururi. Ɗakin zai yi duhu ko da rana tsaka, ta haka za a san darajar fitilarka.

4. Kada ka bar abin da jiƙaƙƙen hannu zai taɓa

Soket a banɗaki haramun ne. Makunni ma haka. Sayi fitila mai ido, wadda ke kunna kanta in ta ga motsi, ta kashe kanta in motsi ya ɗauke. Kafa idon a saman ƙofa, daidai tsayin mutum a tsaye. Saita ta ta riƙa mutuwa da wuri, don a can ɓarnar wuta ta fi zagin uba muni.

Sannan sa wa layin banɗakin mai gadi, wato ɗan akwatin nan da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ta inda bai kamata ba. Sauran gidan bar shi da tsohuwar wayarsa. A littafi ba a wanka a falo.

Da na gama na kira matata Enyonam, cikinta ya tsufa, ta zo ta gani. Ta tambaya ina ake jona hita. Na ce shawa tana ba da ruwan ɗumi. Ta dube ni, ta dubi silin, ta ce, "To. Dada dai na nan tafe."

Na ɗauka labari take ba ni.

5. Ka haihu, ka bar mahaifiyarka ta zo

Dada, mahaifiyata, ta iso daga Aneho washegarin haihuwa, da baho, da kujera 'yar tsugunno, da man kaɗanya, da ƙunshin ganye, da wata hita wadda baƙin tef ya fi waya yawa a jikinta. Wankan jika na kaka ne, ba a roƙonta kuma ba a hana ta. Tsakar gida ba ta cikin lissafi, tunda jariri ba ya ganin sararin sama sai ranar da aka fitar da shi aka raɗa masa suna. Saura banɗakina.

Ta leƙa, ta nemi taga ta rasa, ta tambaye ni ko wani zan tsare a ciki. Yi mata bayanin lambobi. Ni na yi. Ta ce lamba ba ta cuɗa baya, in kawo mata ruwan zafi, ba wannan mai ɗumin fitsarin akuya da ke fitowa daga bango ba.

Ga yadda take wankan. Ta zauna a kujerar, ta miƙe ƙafafu cikin baho, ta kwantar da jaririyar a kan ƙwabrinta. Ta tsoma tsumma a ruwan zafi, ta matse, ta dafa a kai, ta riƙe. Ta jira. Ta sake. A hankali take yi, kamar mai lallashin ƙwai, kuma a ƙasa take, inda idon fitilata bai san akwai mutane ba.

Fitila ta ga ba kowa, ta yi abin da na koya mata.

Dada ba ta yi ihu ba. Cikakken sunana ta kira daga cikin duhun, wanda rabon da in ji shi tun ina firamare. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Dada, ɗaga hannu ki kaɗa, za ta dawo."

Ta ce, "Wanne? Mai riƙe da kan 'yarka, ko mai riƙe da ƙafarta?"

In an yi maka irin wannan tambaya, shiga ka yi rawa a gaban fitilar da kanka. Tana dawowa.

6. Yaba wa mai gadi

Bayan jaririya sai uwarta. Wannan wankan da ganye ake yi, a tsoma a ruwa mai tururi a fyaɗa. Ruwan ya tsallake alli, ya wuce shiyya ta biyu ko sallama babu, ya shiga fitilar madubi ya zauna. Mai gadi ya yanke wuta nan take. Mata biyu da tafasasshen ruwa, a duhu.

Ka lura, na'urar ta yi aikinta daidai. Faɗa wa kowa haka. Ba wanda zai gode maka, amma ka faɗa.

7. Tsaya kan gaskiyarka

Dada ta ce a fasa bango a sa mata soket, ta riƙa dafa ruwanta a gabanta. Na ƙi. Gaskiya ce da ni, kuma ba abin da ke rushe gida da sauri kamar mai gida da gaskiya a hannu.

Da yamma na dawo na tarar an mayar da wanka falo. Baho a ƙarƙashin takardata. Hita cikin bokitin ƙarfe, an jona ta a doguwar wayar nan mai soket da yawa da ke kwance a ƙasa bayan talabijin. Ruwa ya malale a tayil yana neman ta. Dada ba takalmi, jaririya a cinya, ta miƙa yatsa za ta ji ko ruwan ya yi.

Na fizge wayar daga bango.

Ita ce ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba. Ta ce ba ta zo gardama ba. Ranar da aka fitar da yarinya za ta kwashe su, ita da uwarta, su tafi Aneho, inda ruwa ke tafasa ba sai da izinin Bature ba. Sa dawo in ta fara rarrafe.

8. Kada ka nemi goyon bayan matarka

Na same ta a ɗaki tana ninke kayan jaririya, ba irin ninkin da ake sawa a durowa ba. Na ce ai ta san ni ke da gaskiya.

Ta ce, "Na sani, baban yarinya. Gaskiyar taka tana gasa baya? Nawa ciwo yake."

Mai neman shaida a wurin maijego ya shirya jin abin da bai tambaya ba.

9. Zaɓi fitilar ƙarshe

Nan ne gwaninta take. Ka je wurin mahaifiyarka, ka durƙusa yadda aka koya maka kafin Jamus, ku yi ciniki.

Namu ga yadda ya kaya. Hita ta dawo hannuna, na kulle ta. Ruwa ni zan dafa a kan gas a kicin, in ɗauko, in kai har gabanta, da zafin da ta ce. Wanka ya koma banɗaki. Ita kuma sharaɗinta ɗaya: a rufe wa abin nan ido. Ba ta yarda da wani baƙo ya zuba wa jikarta ido kafin ranar fita ba, ko da na roba ne. Na manna masa filasta, na kashe layin banɗakin gaba ɗaya.

Sai ta tambaya da me za ta gani.

Akwai wata fitilar caji ta 'yan kasuwa a gidan, mai mariƙi, wadda ba ta da lamba ko ɗaya a jikinta. Ba ta da abin ratayewa kuma. Ka gane sauran.

Safe da yamma ina tsaye a shiyyar da ruwa ba ya zuwa, jiƙe sharkaf, hannu a sama. "Ɗaga kaɗan. Ba a idonta ba. Matso. Abin da ka yi shekara da shekaru kana koyo ke nan?" In an zo kan Enyonam sai in juya fuska bango, in miƙa hannun ta baya, don kunya.

Wannan fitila ba ta mutuwa in an daina motsi. Tana jin magana. Ruwa na shigarta ta ko'ina, amma ba ta ja. A ƙarƙashinta ne na gano yarinyar tana da 'yar tawadar Allah a bayan kunnen hagu, kuma ba ta kuka in an dafa mata tsumma, atishawa take yi, sau ɗaya, kamar mai ba da izini. Ban faɗa wa kowa ba. Ba ya cikin aikina.

Ranar fita aka raɗa mata Sefako. Aka ci, aka sha, baƙi suka watse. Na jira maganar Aneho. Dada ta kwance ƙunshinta, ta shanya sabon ganye, ta ce in ɗora ruwa. Ina kicin na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa ɗanta wuta ya karanta a Jamus, shi ya sa ko kaɗan hannunsa ba ya rawa.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya bi don kansa. Ciwon kafaɗa, mura, raini daga ƙanne, da kuɗin fitilun da ke manne a silin ba a ƙara kunna su ba, duk ba ruwan marubuci da su. Alkawarin da na yi ɗaya ne, cewa wuta ba za ta ja kowa ba, kuma na cika. Mai ƙorafi ya zo gida da rana tsaka. Safe da yamma ba na samuwa, ina bakin aiki.